Na Fito Daga Hannun Masu Garkuwa, Amma Na Kasa Gane Kaina

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani gari na jihar Zamfara, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Bara da damina 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar dawowa daga kasuwa, suka shiga da mu daji, na yi kusan wata biyu a hannunsu. Yayana ne ya sayar da gonarmu ta gado da shanunsa ya haɗa kuɗin fansa. Da suka gane na iya karatu sai suka sa ni rubuta sunayen waɗanda aka kama, wani lokaci kuma ni nake kiran danginsu in faɗi kuɗin da ake nema. Wani dattijo da aka ɗaure mu tare ya rasu a gefena, alhali ni na riƙa kiran ɗansa. Tun da na dawo ba na barci, kullum mafarkin dajin nake yi, ƙarar babur kuwa sai ta sa jikina rawa. Na mari ɗana don kwano ya suɓuce masa, abin da ban taɓa yi ba. Na daina zuwa majalisa, na kasa tsayawa gaban aji. In na fara ba da labari sai a ce in gode wa Allah in manta, ga shi kuma na ji ana raɗe-raɗin wai na zama infoma. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne akwai wani yaro a cikinsu, wanda a haife na haife shi, da yake ba ni ruwa a ɓoye, ina ce masa ranka ya daɗe, har yau kuma ina tuna shi da alheri. In na dubi madubi ba na gane wanda nake gani. Hauka ce ta kama ni, ko imanina ne ya yi rauni? Ko in bar garin ne?

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ina yi maka jaje, ina kuma yi maka barka da arziki. Allah ya jiƙan wannan dattijo, ya saka wa Yayanka da alheri.

Ba hauka ce ta kama ka ba, kuma babu abin da ka lissafa da yake nuna raunin imani. Rashin barci, mafarki iri ɗaya da yake dawowa, zabura idan an ji ƙara, saurin fushi, gudun mutane, duk waɗannan alamu ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani sarai a jikin wanda ya tsallake rijiya da baya, kuma tun 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da su cikin kundinta a matsayin ciwo guda mai zaman kansa, ciwon firgici bayan bala'i. Ana samun sauƙinsa, mutane da yawa ma suna warkewa. Hausawa sun riga likitoci lura da wani ɓangarensa da suka ce wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Jikinka ya koyi cewa ƙarar babur tana zuwa da mutuwa, ya koya a wurin da darasin ya kasance gaskiya, har yanzu kuwa bai sami tabbacin cewa an bar wurin ba.

Wannan ya isa bayani a kan babur, amma bai isa bayani a kan marin yaronka ba, ko kunyar da take cin ka, ko baƙon da kake gani a madubi. A kan waɗannan zan ari fahimtar masu nazarin ɓoyayyen tunanin ɗan Adam, fannin da likitan nan na birnin Vienna, Sigmund Freud, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19. Ba duk abin da ya faɗa nake karɓa ba. Mutum ne da bai yarda da addini ba, kuma masana na baya sun rushe da yawa daga ra'ayoyinsa. Sai dai shi da almajiransa sun shafe shekaru suna zaune suna sauraron mutanen da bala'i ya taɓa, a zamanin da ake kiran irin waɗannan mutane matsorata ko maƙaryata, abin da suka gani da idonsu kuwa ya ci gaba da tabbata.

Tun 1900 Freud ya tsaya a kan cewa mafarki hanya ce da zuciya take biyan buƙatar da ta kasa biya a farke. Da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sai sojoji suka dawo gida suna mafarkin ramukan yaƙi da fashewar bama-bamai dare bayan dare, suna farkawa cikin gumi. Wace buƙata ke nan ake biya? Dole ya sake tunani, a 1920 ya fito da wani bayani. Ya ce bala'in da ya afka wa mutum ba shiri yakan fi ƙarfin zuciya, ta kasa haɗiye shi a lokacin, don haka sai ta riƙa komawa wurin tana neman ta yi shirin da ba ta samu damar yi ba, ko ta kai ga mallakar abin da ya mallake ta. Ya kawo misalin jikansa ɗan shekara ɗaya da rabi, wanda idan uwarsa ta fita ba ya kuka, sai ya ɗauki wani ɗan katako mai zare ya jefa shi ya ɓace, ya jawo shi ya dawo, ya sake jefawa. Yaron ba shi da iko a kan fitar uwarsa, amma a wasan shi ne mai korewa, shi ne mai dawowa da abu. Mafarkinka, Malam, wahala ce ta gaske, amma alama ce ta zuciyar da take ta ƙoƙarin kammala wani aiki, ita kaɗai, cikin dare, ba mataimaki.

Tun kafin wannan, a 1914, ya lura da wani abu da ya fi shafar gidanka. Ya ce abin da mutum ya kasa tunawa da baki, ya mayar da shi labari mai farko da ƙarshe, yakan maimaita shi a aikace ba tare da ya san maimaitawa yake yi ba. A daji kai ne ake daka wa tsawa, kai ne hannu yake sauka a kanka ba gargaɗi, kuma ƙarar ƙarfe tana iya zama ƙarshen rayuwar wani. Ranar da kwano ya faɗi, jikinka ya koma can kafin hankalinka ya iso, kuma a can matsayi biyu kawai ka gani, mai duka da wanda ake duka. Ban faɗi wannan don in wanke marin ba. Yaro ba ya sanin daji, abin da ya sani shi ne Babansa ya canza, kuma yara sukan ɗauka su ne sanadi. Ka kira shi ka zaunar da shi, ka ce masa bai yi laifin da ya kai haka ba, Baba ne ba shi da lafiya tun da ya dawo, kuma yana neman magani. Uba ba ya raguwa don ya ba ɗansa haƙuri. Ka kuma yi yarjejeniya da maiɗakinka cewa duk lokacin da ka ji zuciyarka ta fara bugawa da sauri, za ka tashi ka fita tsakar gida ko ka yi alwala, ita kuma ta janye yaran ba tare da ta tambaye ka dalili a lokacin ba.

Yanzu ga abin da na ga ya fi yi maka nauyi, wato rubutun sunaye, da kiran waya, da yaron da yake ba ka ruwa. Wani almajirin Freud ɗan ƙasar Hangari, Sándor Ferenczi, ya yi rubutu a farkon shekarun 1930 a kan yaran da manya suka ci zarafinsu. Ya lura cewa wanda ya faɗa hannun mai ƙarfin da ba zai iya guje masa ba, ba zai kuma iya yaƙarsa ba, zuciyarsa takan ɗauki hanya ta uku ba da shawararsa ba. Sai ya koma karanta fuskar azzalumin, yana hango abin da yake so kafin ya faɗa, yana lallashinsa, yana ganin duniya da idonsa, domin rayuwarsa ta rataya a kan yanayin zuciyar wannan mutum. Wannan dabarar tsira ce, kuma takan yi aiki. Amma Ferenczi ya ga tana barin wani mugun gado, domin wanda aka zalunta yakan fito ɗauke da jin laifin da ya kamata azzalumin ya ji. Shi mai laifin ya yi gaba abinsa, wanda aka cuta kuma ya zauna yana tuhumar kansa. Ka dubi lamarinka da wannan ido. Wa ya tare mota? Wa ya ɗaure tsoho da igiya har rai ya yi halinsa? Wa ya yanka kuɗin? Ka riƙe waya da bakin bindiga a kusa da kai, ka faɗi abin da aka ce ka faɗa. Da ka ƙi, da wani aka miƙa wa wayar, kai kuma da wuya a ce yau kana rubuto wasiƙa. Mai yiwuwa ma dangin da suka ji muryarka sun fi samun natsuwa da jin mutum mai hankali, wanda ba ya zaginsu, fiye da jin muryar ɓarayin.

Addininmu bai bar wannan mas'ala a buɗe ba. Ammar ɗan Yasir, Allah ya yarda da shi, mushirikan Makka sun azabtar da shi, sun kashe mahaifiyarsa Sumayya, mahaifinsa ma ya rasu a cikin azabar, har suka tilasta masa ya furta abin da suke so. Ya je wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kuka, yana ganin ya halaka. Annabi ya tambaye shi yadda ya ji zuciyarsa, ya ce tana natse da imani, sai aka ce masa in sun sake, shi ma ya sake. Malaman tafsiri sun ambaci wannan ƙissa a ƙarƙashin aya ta 106 ta Suratun Nahli, wadda ta cire wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani. Idan an yi rangwame a kan kalmar da ta fi kowace kalma nauyi, to ina ga ranka ya daɗe da ka ce wa yaro mai bindiga don ka kwana da rai? Ka lura kuma cewa Ammar bai tsira daga kuka da tuhumar kai ba duk da matsayinsa, abin da ya sauke masa nauyin shi ne ya je ya faɗa wa wanda ya saurare shi, ya kuma ba shi amsa.

Game da yaron mai ba ka ruwa, ba na ganin abin kunya a tuna shi da alheri. Ruwan da ya ba ka ruwa ne na gaske, ƙishin ma na gaske ne, kuma shi ɗin yana cikin waɗanda suka tsare ka. Duka biyun gaskiya ne, ba sai ka goge ɗaya don ɗayan ya tsaya ba. Zuciyar da ta firgita takan so ta raba duniya gida biyu, farare da baƙaƙe, saboda hakan ya fi sauƙin ɗauka. Kai ka fito daga daji kana iya ganin ɗigon tausayi a jikin wanda ya cuce ka, ni kuwa a wurina wannan shaida ce cewa malamin da ya saba duban yaro ya hango abin da zai iya zama bai mutu a cikinka ba.

Akwai kuma makokin da ban ga alamar ka yi ba. A 1917 Freud ya bambanta baƙin cikin rashi da ciwon ƙuncin da yake cinye mutum. Ya ce a na farko duniya ce take zama fanko a idon mai makoki, a na biyu kuwa mutum kansa yake gani fanko, ya koma zagin kansa da rena kansa. Ya ƙara da cewa ba mutuwar mutum kaɗai ake yi wa makoki ba, ana yi wa ƙasa, da 'yanci, da duk wani abin da mutum ya jingina rayuwarsa a kai. Kai ka rasa abokin ɗauri, ka rasa gonar da mahaifinku ya bari, ka rasa amincewar da kake fita da ita da safe, ka kuma rasa ganin da kake yi wa kanka na mutumin da ba ya durƙusa wa ɓarawo. Mutane sun zo maka barka, ba wanda ya zo maka ta'aziyya, alhali kana buƙatar duka biyun. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah ne, kuma shi ne wanda ya ce haƙuri mai kyau. Ashe haƙuri da hawaye suna zama a ƙirji ɗaya.

Saboda haka ina ba ka shawara, idan ka ɗan sami ƙarfi, kuma bayan ka fara ganin likita, ka nemi limaminku ko wani dattijo mai mutunci ya yi maka jagora zuwa wurin iyalan mamacin. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka je ba a share maka hanya ba. Kana riƙe da abin da babu wanda yake da shi sai kai: yadda kwanakinsa na ƙarshe suka kasance, abin da ya faɗa, ko ya ambaci wani, ko ya bar wasiyya. Ɗansa yana iya karɓarka da kuka, yana iya karɓarka da fushi, ko wanne ya zo ka ɗauke shi a matsayin zafin rashin uba. Amma wannan amana da kake ɗauke da ita tana cikin abin da yake hana ka barci.

Maganar madubi ta kai mu ga wani masani, Erik Erikson, wanda aka haifa a Jamus a 1902, ya yi karatu a hannun Anna, 'yar Freud, ya koma Amurka a 1933. Ya yi aiki da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu a wani asibiti a San Francisco, ya ga mutane da yawa waɗanda hankalinsu bai gushe ba, sun san sunansu da garinsu, amma sun rasa jin cewa mutumin da ya tafi yaƙi shi ne wanda ya dawo. Daga nan ya gina fahimtarsa cewa sanin mutum ga kansa yana tsaye a kan abu biyu. Na ɗaya, ya ji cewa shi ne na jiya, shi ne na yau, rayuwarsa zare ɗaya ce. Na biyu, mutanen da suke kewaye da shi su ma su gane shi a haka, su tabbatar masa. Kafin a kama ka, kai Malam ne saboda yara suna miƙewa in ka shiga aji, ana kawo maka takarda ka karanta, ana matsa maka wuri a tabarmar majalisa, kana cefane da guminka. A daji aka tsinke zaren farko, aka mayar da kai kaya mai farashi, aka mayar da iliminka, wanda shi ne abin alfaharinka, kayan aikin ɓarayi. Da ka dawo kuma sai na biyun ya yi rauni, domin wasu suna kallonka da tausayi, wasu da zargi, kai kuma ka janye daga duk wuraren da ake kiranka da sunanka na da. Ba abin mamaki ba ne madubi ya kasa ba ka amsa, tun asali a fuskokin mutane kake ganin kanka.

Wannan ne ya sa maganar nan ta ka gode wa Allah ka manta take yi maka ciwo fiye da yadda masu faɗarta suke zato. Ferenczi ya lura cewa sau da yawa abin da yake mayar da rauni ciwo mai daɗewa shi ne abin da ya biyo bayan bala'in, wato wanda aka cuta ya zo da labarinsa, a ce masa ba komai, ko a kawar da kai. Godiya ga Allah wajibi ce, kana kuma yin ta. Mantawa ce ba a yin ta da umarni. Ina roƙonka duk da haka kada ka ɗauki mutanen garinku a matsayin marasa tausayi. Hanyar da aka tare ka ita za su bi ranar kasuwa mai zuwa, duk kalmar da ta fito daga bakinka tana nuna musu abin da zai iya samunsu, sai su rufe maka baki don su rufe nasu tsoron. Garin da aka daɗe ana yi wa ɗauki ɗai-ɗai shi ma yana da nasa rauni, alamarsa kuwa ita ce yarda ta ƙare, kowa yana duban maƙwabcinsa. Raɗe-raɗin infoma daga nan yake fitowa, tsoro ne yake neman fuskar da zai iya kaiwa gare ta, tunda masu bindigar sun fi ƙarfinsa.

Fahimtar tushen zargin ba ta rage haɗarinsa ba, domin a yankinku irin wannan magana ta sha jawo asarar rai. Kada ka yi shiru kana jira ta mutu da kanta. Ka sa Yayanka da liman su raka ka wurin mai gari ko hakimi, ka faɗi abin da aka tilasta maka da bakinka, a gaban shaidu, kuma in akwai waɗanda aka sako da kuka zauna tare, a nemi su faɗi abin da suka gani. Wannan zama zai kare ka, zai kuma zama karo na farko da garinku ya saurari labarin a matsayin abin da ya same shi gaba ɗaya.

Likitoci biyu da suka yi aiki a nahiyarmu sun gane cewa ba a warkar da mutum a raba shi da jama'arsa. Frantz Fanon, ɗan tsibirin Martinique, ya kama aiki a asibitin ƙwaƙwalwa na Blida a Aljeriya a 1953, lokacin mulkin Faransa. Ya fara gwada wa majinyata maza Musulmi irin tarukan da suka yi amfani ga Turawa, abin ya ƙi. Da ya gane kuskuren daga tsarin yake, sai aka buɗe musu wurin shan gahawa irin wanda suka saba zama a garuruwansu, aka riƙa kawo mai ba da labari, ana bikin salla a cikin asibiti, mutanen da suka yi shiru suka fara magana. A Najeriya kuma, a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci yake sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana, yana kwana cikin mutane. Lambo ya kai har matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin da na ɗauko maka daga wurinsu shi ne majalisar da ka ƙaurace wa tana cikin maganinka. Ba sai ka ba da labarin daji a can ba. Ka je bayan la'asar tare da aboki ɗaya, ka zauna inda bayanka yake jingine da bango kana ganin hanya, ka sha shayi, ka tashi lokacin da ka ji ya isa.

Fanon ya ajiye aikinsa a 1956, yana mai cewa ba zai yiwu a yi ta gyara mutum ana mayar da shi cikin yanayin da yake rusa shi ba. Na kawo wannan ne don kada wani ya gaya maka cewa duk tsoronka ciwo ne. Wani ɓangarensa daidai ne, hanyoyinku ba su da aminci, kuma alhakin wannan yana kan hukuma. Aikin magani shi ne ya raba maka tsoron da yake kare ka a kan hanya da tsoron da yake bin ka har cikin ɗaki.

Ka je asibiti, kuma kada ka jinkirta, domin alamun sun wuce shekara ko sun kusa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, akwai wani a Kaduna, babban asibitin da ya fi kusa da kai kuma zai iya ba ka takardar turawa. Ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ka kuma tambaya ko akwai masanin halayyar ɗan Adam mai yin magani ta hanyar tattaunawa. Ba irin zaman shekara da shekaru na zamanin Freud nake nufi ba. Hanyoyin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu a yau gajeru ne, na makonni ko 'yan watanni, inda ake bi da kai cikin abin da ya faru kaɗan-kaɗan, a wuri mai aminci, har ya koma abin da ya wuce. Idan likita ya rubuta magani ka sha yadda ya ce, amma ka guji sayen ƙwayar barci a kemis da kanka, ka guji tiramol da makamantansa, domin suna danne abin na dare ɗaya su bar ka da sabon ciwo. Addu'a da azkar da karatun Alƙur'ani ka riƙe su da kyau, ba sa karo da asibiti. Wanda kawai zan ce ka nisanta shi ne duk mai cewa zai cire maka aljani da duka ko ɗauri, kai da ka fito daga ɗauri. Idan kuma tunanin cewa gara mutuwa ya taɓa zuwa maka, ka faɗa wa maiɗakinka ko Yayanka a ranar, a kai ka asibiti a ranar, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

A gida ka zaɓi mutum ɗaya da zai ji labarin, wanda ba zai katse ka da nasiha ba. Ka gaya masa tun farko cewa sauraro kawai kake so. Ka faɗi abin da za ka iya, ka tsaya inda numfashinka ya fara sarƙewa, wata rana a ci gaba. Tunda kai mai alƙalami ne, rubutawa a littafi da rana, ba da dare ba, zai iya taimaka maka ka jera abin daga farko zuwa ƙarshe. Maiɗakinka ma ta yi nata wata biyun na jiran waya, ka tambaye ta yadda ta yi su.

Yayanka kuma, na tabbata kana kauce wa haɗa ido da shi saboda gonar. Ka same shi ku yi maganar a fili. Ka gode masa, ka gaya masa nauyin da kake ji, in akwai abin da za ka iya mayarwa sannu a hankali ku tsara shi, in ya ce ya yafe ka karɓa. Bashin da aka san adadinsa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ake ji a zuci kawai. Wajen aiki, ka nemi shugaban makarantarku ya fara ba ka darasi ɗaya a rana, ko 'yan yara kaɗan a gefe, kafin ka koma cikakken aji.

Batun barin gari na bar shi ƙarshe saboda amsarsa ta dogara da abu ɗaya. Idan bayan zama da mai gari ka ga zargin bai kwanta ba, ko ɓarayin suna da lambarka suna kira, ko an yi maka barazana, to ka kwashe iyalinka ku koma inda kake da dangi, ka nemi canjin wurin aiki, babu gazawa a cikin haka. Idan kuwa babu barazana, kunya da mafarki ne kawai suke tura ka, ka dakata har ka yi 'yan watanni kana ganin likita, domin su za su bi ka duk inda ka je, a can kuma babu waɗanda suka san ka tun kana Malam kafin daji. Ka yanke shawarar tare da maiɗakinka da Yayanka, bayan ka yi istihara. Allah ya ba ka lafiya, ya kawo wa yankinku zaman lafiya.